Awa Ɗaya da Rabi Zuwa Gombe

Shafi na 27

Masu cika mini waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", ku yi haƙuri, taransifomar unguwarmu ce ta ƙone, sai yau na samu caji. Ga shi nan. Amma wanda ya zo neman dariya ya koma, yau babu ita.

*

Har hantsi ya ɗaga Asma'u ba ta yi kuka ba.

Dada ta cika a kan cinyarta bayan sallar asuba. Ita ta shafe wa uwar tata ido, ita ta ɗaure mata haɓa da ɗankwali, amma ko ɗigon hawaye bai zo ba. Matan unguwar Hausari ta Potiskum da suka cika tsakar gidan har sun fara zungurar juna suna nuna ta da baki. Kun dai san halin mutanenmu, ka yi kuka da yawa a ce ba ka da tawakkali, ka ƙi yi a ce ba ka da zuciya. Ita ba ta ma san suna yi ba. Tana zaune a bakin ƙofar ɗakin Dada da waya a hannu, jikinta duk ya mutu kamar an yi mata allurar kashe zafi.

A fuskar wayar akwai taswira, da wani siririn layi da ya tashi daga Legas ya sauka a Gombe. A ƙarƙashinsa an rubuta kilomita ɗari tara da ɗoriya, awa ɗaya da rabi. Tun safe shi take kallo. Wayar ta yi duhu ta taɓa ta, ta sake yin duhu ta sake taɓawa.

Da wannan layin ta tsayar da jana'izar uwarta.

Baffa Bubayaro, ƙanin marigayi mahaifinsu, ƙarfe goma ya sa a yi jana'izar. Ta tare shi a soro ta miƙa masa wayar.

"Baffa, akwai jirgi takwas da rabi. Goma Hamma Hussaini yana Gombe. Ɗaya yana gidan nan."

Tsohon ya ƙura wa wayar ido. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana loda shanu a tirela daga kasuwar Potiskum zuwa kudu, a kansa Legas kwana biyu ce idan taya ba ta fashe ba.

"Legas ɗin da na sani?"

"Ta sama ne, Baffa. Dada ta ce Hamma Hussaini ne zai sa ta a kabari. A gaban Goggo ta faɗa."

Haka ne kuwa. Duk zuwa asibiti, in dai yana gari, Hussaini, yayan Asma'u, ke ɗaukar Dada cak ya sa ta a mota. Har tsokanarsa take yi, wai shi kaɗai ya san nauyinta. Kuma lokacin da mahaifinsu ya rasu yana bayan tirela a hanyar Lakwaja, sai kabari ya zo ya tarar. Shekaru sun wuce, har yau idan aka ambaci ranar tashi yake ya bar wurin.

Baffa ya yarda a kai Azahar, amma da sharaɗi.

"Ba a gaya wa matafiyi mutuwa. Ki ce masa jiki ya yi tsanani, ya taho. Idan ya iso maza za su tare shi a ƙofar gida."

Haka ta yi. Ta kira shi yana shirin fita abbatuwar Agege inda yake sayar da shanu, ta ce jikin Dada ya tashi, ya hau jirgin Gombe yau. Ya tambaya ko tana magana, ta ce ba ta magana. Ya ce ga shi nan. Aka tura Ari direba Gombe ya jira shi, aka yi wa Dada wanka aka suturta ta, aka rufe ɗakin.

Wayar ta yi ƙara a hannunta. Ari ne.

"Asma'u, jirgin Legas fa ya sauka tuntuni. Kowa ya fito, har masu kaya sun watse. Ni ban ga Hussaini ba."

"Ka duba da kyau."

"Na duba. Na tambayi wani mai kaki ma, ya ce babu saura a ciki. Wayarsa kuma ba ta shiga."

"To."

"In jira?"

"Ka jira."

Ta sauke wayar. Ya kamata gabanta ya faɗi, ta sani, har sauraron ƙirjinta ta yi ko za ta ji wani abu. Shiru. Sai ƙarar mafici da Goggo Sadiya ke yi a cikin ɗakin, domin babu wuta, ga zafin watan Afrilu ya fara dukan kwanon rufi.

Ba a jima ba wayar ta sake ƙara. Wannan karon sunansa ne.

"Asma'u! Albishirinki."

Muryarsa a sake, har da haki irin na wanda ya yi sauri. Ta buɗe baki, goron da ake cewa ya ƙi fitowa.

"Hamma, kana ina?"

"Abuja. Na samo allurar!"

"Wace allura?"

"Wadda likita ya rubuta mana wancan watan, aka nema har Damaturu da Azare aka rasa. Kina ajiye waya na kira Oche, abokina mai kemis a nan Abuja. Ya ce akwai guda biyu. Na ce me zan je in yi mata hannu rabbana? Sai na bar jirgin Gombe na hau na Abuja. Yanzu ya kawo mini har filin jirgi, ya sa a 'yar kula da ƙanƙara. Ga ta a cinyata."

Asma'u ta dubi ƙofar ɗakin. Goggo Sadiya ta leƙo, ta ji komai, domin wayar tana da ƙara. Ta girgiza mata kai a hankali, ta ɗora yatsa a leɓe.

"Kina ji na? Ya jikin nata? Ta sha wani abu?"

"Tana kwance."

"Allah Sarki Dada. Ki ce mata ga Hussaininta nan. Akwai jirgin Gombe ƙarfe ɗaya, na yanki tikiti. Daga nan bai kai awa guda ba, sun ce. Ki sa a nemo nas ta zauna kusa, ina sauka a yi mata."

"To, Hamma."

"Muryarki wani iri. Ba ki yi barci ba ko?"

"Ban yi ba."

"Ki daure. An kusa."

Ya kashe.

Ta daɗe tana kallon wayar. Sai ta ga yatsanta, shi da kansa, ya goge Legas ya rubuta Abuja. Layin ya gajarce. Kilomita ɗari huɗu da wani abu, minti hamsin da biyar. Ga shi ya matso kusa, ga shi kuma ya yi nisan da bai yi ba da asuba.

Ta miƙe, ta ja hijabi, ta ratsa matan da ke zazzaune ta nufi soro.

Maza sun cika rumfar ƙofar gida. Ta tsaya daga ciki ta yi sallama sau biyu kafin Baffa ya ji. Ya shigo yana ɗingisa ƙafarsa ta hagu kamar kullum, carbi a hannu.

"Sun taso daga Gombe?"

"Yana Abuja."

"Abuja kuma? Jirgin ne ya ɓata hanya?"

Ta faɗa masa. Babu hawa babu sauka a muryarta, kamar mai karanta labaran rediyo. Allura, Oche, kula da ƙanƙara, jirgin ƙarfe ɗaya.

Baffa ya jingina da bango. Ya fara lissafi da 'ya'yan carbin.

"Ya tashi ɗaya, in sun tashi. Ya sauka biyu. Kafin ya fito, kafin su bar Gombe, ga Bajoga, ga ramukan Ngalda, ga Fika. Biyar ke nan, in Allah ya tsare."

"Biyar ɗin, Baffa."

"Asma'u."

"Awa uku ne kawai aka ƙara."

"Ke kina ganin awa uku a waya. Shiga ɗakin can ki tsaya minti biyar ki ji zafin da ke ciki. An gama kabari tun safe. Mutane sun zo daga Mamudo, sun zo daga Danchuwa, wasu ko karyawa ba su yi ba. Liman ya tambaye ni sau biyu. Haƙƙinta ne a gaggauta kai ta, ba haƙƙin Hussaini ba ne a ajiye masa ita."

"Ita ta ce shi."

"Ta ce, Allah bai nufa ba."

Nan ne Asma'u ta ɗago ta dubi ƙanin ubanta ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka haife ta.

"Allah ya nufa, Baffa. Jirgin ya tashi a kan lokaci, ya sauka a kan lokaci, da kujerarsa a ciki. Mu muka sauke shi. Da na ce masa Dada ta rasu, wa zai je nema wa allura? Da yanzu ya wuce Bajoga."

Wani dattijo da ya sako kai zai shigo ya ja da baya.

Ta ɗauka zai daka mata tsawa, kuma ko ya daka ba ta jin zai taɓa ta. Amma bai yi ba. Ya sunkuya ya dafa gwiwarsa ta hagu.

"Kin san inda na samu ƙafar nan?"

"An ce mota ce."

"Mota ce. A kara, kasuwar shanu ta Inugu. Wani ya zo ina cikin ciniki ya ce, Bubayaro, innarka ta rasu. Haka kawai, kamar yana gaya mini farashin bijimi. Ban san na saki sanda ba, ban san na hau titi ba. Na farka a asibiti bayan an yi sadakar uku." Ya miƙe tsaye. "Ba don mugunta na hana ki ba. Iyayenmu ba mahaukata ba ne da suka ce a ɓoye."

"Na sani."

"Ba ki sani ba. Amma yau ɓoyewar ta cuce mu, wannan kam na gani."

Ya ci gaba da jan carbi. Daga waje ana ta shigowa da gaisuwa, ya haƙuri, ya haƙuri, Allah ya jiƙanta.

"Ga abin da zan yi," ya ce. "Idan ya hau jirgin ƙarfe ɗayan nan, ya hau da ƙafarsa kin tabbatar, zan tsaya gaban mutanen nan in ba su haƙuri. A sayo ƙanƙara a jera a ɗakin. Mu kai bayan La'asar, har biyar. Amma idan bai hau ba, ko aka ce an ɗaga jirgin, ana sallame Azahar za mu ɗauke ta. Ba zan bar matar yayana cikin zafin nan a kan wataƙila ba."

"Na gode, Baffa."

"Kada ki gode. Gaskiya kawai za ki kawo mini."

Ta koma cikin gida. Ta zauna inda ta tashi. Aka kawo ƙanƙara a buhu, Goggo ta karɓa ta shiga da ita. Wata maƙwabciya ta dangwara mata kofin kunu a gaba, ƙuda suka riga ta.

Tana ta juya abu ɗaya a kai: ta kira shi ta faɗa, ko ta bar shi ya hau da kularsa? Idan ta bar shi, zai yi awa guda a sama yana riƙe da ƙanƙara, ya yi awa uku a mota yana ce wa Ari ya ƙara wuta. Idan ta faɗa, ga ƙafar Baffa. Ta ɗauki wayar ta ajiye ya fi a ƙirga.

Ashe an riga an hutar da ita.

Munawwara, 'yar Baffa ta wajen Kano, tun ƙarfe tara ta ɗora hoton Dada a sitatus. Hoton bikin sallah, Dada na dariya da lalle a hannu, an jera fuskokin kuka a ƙasa, an rubuta za a yi jana'iza bayan Azahar a Hausari. Yaran yanzu, kafin a rufe wa mamaci ido sun rufe shi a waya. Duk dabarar dattawa da rufa-rufarsu, babu wanda ya tuna cewa Hussaini ma yana da data, kuma mai jiran jirgi ba shi da aikin da ya wuce latsa waya.

Ɗaya saura kwata ya kira.

Ta ɗauka. Bai yi sallama ba. Tana jin hayaniyar filin jirgi a bayansa, da muryar wata mata a lasifika.

"Hamma?"

"Ƙarfe nawa?"

Muryar ba tasa ba ce. Babu kuka a ciki, babu faɗa. Irin tata ce sak.

"Hamma, ka zauna tukuna."

"A zaune nake. Ƙarfe nawa ta rasu?"

"Bayan asuba."

"Kafin ki kira ni ko bayan kin kira ni?"

Ta rufe ido.

"Kafin."

"Da kika ce ba ta magana."

"Eh."

"Da na kira ɗazu kika ce tana kwance."

"Eh."

Ta ji ƙarar wani abu kamar murfin roba ana buɗewa ana rufewa, ana buɗewa ana rufewa.

"Na tsaya a gaban mai sayar da tikiti," ya ce. "Ta ce Gombe saura kujera uku. Har na miƙa kati. Sai na ce a'a, ba ni Abuja. Ta ce ka tabbata? Na ce na tabbata, uwata ce ba lafiya."

"Baffa ne ya ce kada a..."

"Ba Baffa ne ya kira ni ba. Ke kika kira ni."

Ta zauna da wayar a kunne tana kallon ruwan ƙanƙara da ya fara gangarowa ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin.

"Ina zan kai allurar nan, Asma'u?"

"Ka bar ta nan."

"A ina? A kan kujera? Mutane za su ce na manta, su biyo ni da ita."

"Hamma, ka saurare ni. Ba a kai ta ba. Baffa ya ce idan ka hau jirgin nan za a jira ka har biyar. Ari yana Gombe tun safe. Kai za ka sa ta, kamar yadda ta ce."

"An rubuta bayan Azahar."

"An canza."

"Wa ya canza? Baffa? Baffan da bai jira ni ba ranar Baba?"

"Wallahi ya ce zai jira."

"Haka ake yi ai. Na sani, ni ma na yi wa wasu. A ce maka taho ana jiranka, don kada ka faɗi a hanya. Ka iso a nuna maka tudun ƙasa da itace a kai." Ya ja numfashi. "Kun riga kun fita da ita, ko?"

"Tana ɗaki, Hamma. Ga ni a bakin ƙofar."

"Sau biyu yau kin yi mini irin wannan maganar."

"To bari in kira ka ta bidiyo ka gani."

"In ga me? Farin ƙyalle? Ba na so."

Lasifikar bayansa ta sake magana. Wannan karon Asma'u ta tsinci kalmar Gombe a ciki, sau biyu.

"Naku ake kira. Tashi."

Shiru.

"Hamma, don girman Allah ka tashi. Minti hamsin da biyar ne."

"Na ga layin. Suna shiga."

"To bi su."

"Na taɓa zuwa na tarar da kabari, Asma'u. Na san yadda yake. Mutane su kama hannunka suna ya haƙuri, kai kuma kana neman wanda za ka tambaya ta wane gefe aka sa kansa. Ba zan iya na biyu ba. Gara in koma wurin shanuna in yi mata addu'a daga can."

"Ba za ka tarar da kabari ba! Ni na tsaya, ni na yi wa Baffa rashin kunya a soro saboda kai. Idan ba ka hau ba ne za su ɗauke ta. Ka ji? Hawanka ne zai sa a jira."

"Da asuba ma na yarda da ke."

"Hamma..."

Ƙit.

Ta sake kira. Ta yi ta ƙara har ta katse. Ta sake. A karo na uku matar kamfani ta ce wayar a kashe take.

To a kashe saboda me? Wanda ya shiga jirgi kashe waya yake yi. Wanda ya juya ya fita daga filin, ba ya son jin muryar kowa, shi ma kashewa yake yi. Ta kira Oche, domin lambarsa na cikin takardun asibitin Dada. Ya ce shi tun sha ɗaya ya bar filin, yana shago, lafiya dai? Ta kashe ba ta amsa ba. Ta kira Ari, ya ce shi dai an ce musu jirgin Abuja yana kan lokaci, amma wa ke ciki, wannan sai an sauka.

Sai an sauka. Ƙarfe biyu ke nan. Azahar kuwa ɗaya da rabi ake yi a masallacin unguwar.

Ladan ya kira salla. Mata suka fara tashi suna neman buta. Ta ga an shigo da makara an jingina ta a bangon soro, sabuwar tabarma a naɗe a kai. Goggo Sadiya ta fito daga ɗakin, zufa ta jiƙa mata riga, ta dube ta.

Sai ga ɗingishin Baffa. Ya tsaya a tsakiyar gida, hannun riga a naɗe, ruwan alwala na ɗiga daga gemunsa. Liman na tsaye a bayansa daga bakin soro.

"Asma'u, za mu shiga masallaci. Me zan gaya wa mutane?"

Ta dubi wayar. Ta yi duhu, ba ta taɓa ta ba.

"Kin same shi? Ya hau ko bai hau ba?"

Ta ɗago. Muryar ta fito daidai, ko rawa ba ta yi ba.

"Ya hau, Baffa."